Neman kalma: encryption da Hausa, ɓoyewa ce, kullewa ce, ko zaurance?

Mai fassarar labarai, Garki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata kalma da ke hana ruwa gudu a ɗakunan labarai na Hausa a nan Abuja: encryption, musamman wadda ake ce wa end-to-end. A Fabrairun 2025 Apple ya janye tsarinsa na ƙarin tsaron bayanai, Advanced Data Protection, daga Birtaniya, bayan an ruwaito cewa gwamnatin ƙasar ta nemi a ba ta hanyar shiga abin da mutane ke ajiyewa a iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet. A watan Maris kuma aka saka editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, cikin wani guruf na manhajar hira ta Signal inda manyan jami'an Amurka ke tattauna harin da za a kai wa 'yan Houthi a Yemen. Duka labaran biyu ba sa bayuwa sai da kalmar nan. Abin da ke yawo a bakin masu gabatarwa shi ne ɓoye saƙo, sirranta saƙo, kulle saƙo. Muna son guda ɗaya da za ta shiga kanun labarai, a iya sarrafa ta a jimla, kuma dattijon da ke sauraro a kasuwar Dei-Dei ya gane ba sai an yi masa lacca ba.

Injiniyan tsaron intanet, Gwarinpa:
Wa alaikumus salam Malam. Ɓoyewa dai a cire ta tun yanzu, domin saƙon ba a ɓoye yake ba. Yana bi ta eriyar kamfanin layinka, ya bi ta sabar kamfanin manhajar, duk wanda ke kan hanya yana ganin wucewarsa, yana ma iya kwafe shi. Abin da aka yi masa shi ne an bi shi da lissafi an mai da shi tarkacen alƙaluma, kuma ba ya komawa yadda yake sai da wata doguwar lamba, wato mabuɗi. A tsarin AES, wata hanyar yin wannan lissafi da Amurka ta mayar ma'auni a 2001, mabuɗi mai bit 256 yawan irinsa lamba ce mai alƙaluma 78. Ba wanda ke zama gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Tambayar da ya kamata kalmarmu ta bar wa mai sauraro ita ce: mabuɗin yana hannun wa? A Gmail da hirar Telegram ta yau da kullum, saƙon a kare yake a hanya, a kare yake a ma'ajiya, amma kamfanin ne ke riƙe da mabuɗin. A Signal, da WhatsApp tun Afrilun 2016, mabuɗin yana cikin wayoyin masu hirar kawai. Yadda ake yi: kowace waya tana ƙera mabuɗai biyu masu tafiya tare. Ɗayan kamar buɗaɗɗen kwaɗo ne da kake raba wa kowa, duk mai son aiko maka saƙo ya datse da shi. Ɗayan shi ne mabuɗin kwaɗon, ba ya barin wayarka. SMS kuwa ba ya cikin lissafi, kamfanin layi na iya ganin abin da aka rubuta.

Mai gyaran waya, Banex:
To ai Injiniya da bakinka ka ce kwaɗo da mabuɗi. Kulle kenan. Me ya rage?

Injiniyan tsaron intanet, Gwarinpa:
Kwatance na yi, Oga. Matsalar kulle ita ce ta riga ta yi aiki da yawa: kulle sikirin, banki ya kulle asusu, an kulle layi saboda ba a haɗa shi da NIN ba. A duk waɗannan abin da ke ciki yana nan yadda yake, ƙofa kawai aka rufe. Kwamfutar ofis mai kalmar sirri a kulle take, amma idan ba a kunna mata BitLocker, mai yi wa faifan ajiya encryption, ko makamancinsa ba, sai a zare faifan ajiyarta a jona a wata kwamfutar a karanta komai.

Malamar Hausa, Gwagwalada:
Salamu alaikum. Muna da kalma a gida da aka daɗe ana wannan aiki da ita: zaurance. Magana ce da ake yi a gaban kowa, kowa na jin sauti, amma sai wanda aka yi dominsa ke ɗaukar ma'ana. Yara kan cusa gaɓa bayan kowace gaɓa, "zo mu tafi" ta koma "zodo mudu tadafidi", wasu kuma su juya gaɓoɓin kalma. Ku lura, daidai da abin da Injiniya ya ce ne: ba a ɓoye maganar ba, kamarta aka sauya.

Kuma tana sarrafuwa. Kamar yadda ake cewa sirranta, inganta, Hausanta, sai mu ce zauranta. Manhajar tana zauranta saƙo. Zaurantawa ita ce aikin. Zaurantaccen saƙo, zaurantacciyar ajiya, zaurantattun bayanai. An aika shi a zaurance. Babu inda harshe ke sarƙewa.

Injiniyan tsaron intanet, Gwarinpa:
Malama, ta yi daɗin faɗa, amma ina da ja. Zaurancen yara sirrinsa a dabarar yake. Ranar da babba ya gano cewa "d" ake cusawa, shi ke nan, duk abin da aka faɗa jiya da wanda za a faɗa gobe ya fito fili. Wannan rauni tsoho ne. Al-Kindi, a Bagadaza a ƙarni na 9, ya nuna cewa idan musanya haruffa kawai aka yi, sai ka ƙirga harafin da ya fi yawa a rubutun ka kwatanta da wanda ya fi yawa a harshen, a hankali saƙon zai buɗe. Shi ya sa tun 1883 Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau: a ɗauka abokin gaba ya san dabarar gaba ɗaya, mabuɗi kaɗai ne sirri. Tsarin Signal a buɗe yake, kowa na iya karanta yadda aka rubuta shi, kuma ba mabuɗi ɗaya yake amfani da shi ba, kowane saƙo da nasa, ana gamawa a jefar. Tsorona kada mai sauraro ya ji "zaurance" ya ɗauka wasan yara ne da kowane ɗan kutse zai kwance.

Malamar Hausa, Gwagwalada:
Na karɓi jan, amma ba a ƙin kalma don ta fito daga ƙaramin gida. Jirgi kwalekwale ne a asali, yau shi ke tashi daga filin Nnamdi Azikiwe. Waya ƙarfe ce da ake ja a kan turaku. Sai a ce "zaurance mai mabuɗi" a ambato na farko, daga nan a ci gaba da zauranta. Da kurman baƙi na so kawowa don saƙon da aka riga aka juya, amma ba ta yin aikatau, a bar wa masu sharhi su yi ado da ita.

Barista, Wuse 2:
Ina bayan Malama, kuma dalilina na shari'a ne. A bar sirrantawa ta yi wa privacy, wato kare sirrin mutum, aiki, don ita ce babbar rumfar. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta tarho. Dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta ambaci encryption a sashe na 39 a matsayin ɗaya daga cikin matakan tsaro, ɗaya kawai, sannan sashe na 40 ya ce idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin awa 72. Idan muka kira privacy da encryption duka sirrantawa, za mu rikita labari irin na Yulin 2024, lokacin da hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci tarar Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, dala miliyan 220, kotun sauraron ƙorafin gasa da kare masu saye ta tabbatar a Afrilun 2025. Mutane da yawa sun ɗauka an kama WhatsApp na karanta saƙonni ne. Ba haka ba ne. Magana ce ta yadda ake tattara bayanan masu amfani da manhajar da raba su ba tare da an ba su zaɓi na gaskiya ba. Da kalmomi biyu sai jimlar ta fita sarai: saƙon a zaurance yake, amma bayananka ba a sirrance suke ba.

Mai fassarar labarai, Garki:
Wannan jimlar ta Barista ta gama da ni. Saura end-to-end. "Daga ƙarshe zuwa ƙarshe" da ake ji a wasu wurare ba Hausa ba ce, ƙarshen me?

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta, Kubwa:
Malamaina, a gafarce ni in sa baki. Me zai hana "daga ni sai kai"? Zaurancen daga-ni-sai-kai. Ya amsa tambayar Injiniya ta wa ke riƙe da mabuɗi, kamfani ma ba ya ciki. Idan guruf ne a ce na mu-ya-mu.

Malamar Hausa, Gwagwalada:
Allah ya yi miki albarka 'yata. A rubuta da karan ɗori kamar yadda kika yi. Kada kuma a damu da "kai" ko "ke", suna ne ya zama, ba a sauya shi.

Injiniyan tsaron intanet, Gwarinpa:
Na sauko, kuma abin da ya sauko da ni shi ne sunan yana faɗin iyakarsa da kansa. Daga ni sai kai, to idan "kai" ɗin ba wanda nake zato ba ne fa? Abin da ya faru a guruf ɗin Signal kenan, lissafin bai gaza ba, hannu ne ya saka wanda bai kamata ba, manhajar kuma ta miƙa masa mabuɗi kamar kowa. Hanyar tabbatarwa a WhatsApp: buɗe hirar, taɓa sunan mutumin, shiga wajen encryption, za ka ga lamba mai alƙaluma 60 da hoton QR. Ku haɗu ɗaya ya ɗauki hoton na ɗaya, ko ku karanta wa juna lambar. Idan ta zo ɗaya, ba kowa a tsakani.

Masu labarai kuma don Allah kada ku ce "ba wanda zai san komai". Zaurancen bai rufe wa ka yi magana da shi ba, da yaushe, da lambar wayarka, da adireshin intanet ɗin da ka hau da shi. Idan wanda ka tura wa ya kai ƙararka a cikin manhajar, saƙonninka biyar na ƙarshe suna tafiya wurin WhatsApp a warware. Telegram kuma a daina sa shi a layi ɗaya da Signal: guruf da tashoshinsa ba na daga-ni-sai-kai ba ne, sai hirar sirri ta mutum biyu da kake kunnawa da kanka. A Satumbar 2024, wata ɗaya bayan an kama Pavel Durov, wanda ya kafa Telegram, a Faransa, kamfanin ya bayyana cewa zai iya ba hukuma lambar waya da adireshin intanet idan ta zo da takardar shari'a.

Mai gyaran waya, Banex:
Ni dai kwastoma zai ci gaba da cewa kulle, ku rubuta ku ajiye. Amma tunda an zo wajen abin da ke lalacewa, ga inda mutane ke faɗawa. Na farko bakof. Hirar da ke hawa Google Drive ko iCloud ba ta daga-ni-sai-kai ba ce sai ka kunna da kanka, tun Oktoban 2021 aka kawo zaɓin. Saitin, hira, bakof, sai ka kunna. Zai ce ka sa kalmar sirri ko ya ba ka mabuɗi mai harafi 64. Rubuta a takarda ka ajiye a gida. Idan waya ta faɗa ruwa ko aka sace, kuma ka manta, ba mai gyaran da zai dawo maka da hirar, kamfanin ma ba zai iya ba. Wanda ya ce zai iya, kuɗinka yake so.

Na biyu lambar nan mai alƙaluma 6 da WhatsApp ke turowa don yi wa layi rajista a sabuwar waya. A kira mutum a ce ana taron guruf ɗin masallaci ko na tsofaffin ɗalibai, an turo maka lambar shiga, karanto. Yana karantowa WhatsApp ɗinsa ya koma wayar 'yan damfarar, su fara roƙon kuɗi da sunansa. Tsofaffin saƙonni ba sa bin su, amma duk sabon da ya shigo su ke karɓa. Haka idan aka yi wa layinsa walkam-bak, wato aka ciro sabon sim da lambarsa, ta bayan fage. Maganin shi ne tabbaci mai mataki biyu: ka sa PIN mai alƙaluma 6 naka na kanka, ka haɗa da imel. Sannan a riƙa leƙa wajen na'urorin da aka jona, har huɗu yake ɗauka. Minti ɗaya wayarka ta yi a hannun wani a buɗe ya isa ya jona kwamfutarsa ya riƙa karanta komai.

Mai fassarar labarai, Garki:
Madalla. Bari in gwada da labarin NSO, kamfanin Isra'ila mai manhajar leƙen asiri ta Pegasus, wanda WhatsApp ya maka a kotu a 2019: "An zargi kamfanin da fasa zaurancen WhatsApp a wayoyi kusan 1,400." Ya yi?

Injiniyan tsaron intanet, Gwarinpa:
Hausar ta yi, labarin ne bai yi ba. A raba kalmomi uku: warwarewa, fasawa da kutse. Warwarewa ita ce mai mabuɗi ya mai da saƙo yadda yake, abin da wayarka ke yi kullum. Fasawa ita ce a karanta ba tare da mabuɗi ba. Pegasus bai yi ko ɗaya ba. Ta wata ɓaraka a sashen kira na manhajar ya shiga, ko ba a ɗaga kiran ba, ya zauna a cikin wayar yana karanta saƙo bayan ita da kanta ta warware shi. Sai ka rubuta: an zargi kamfanin da yin kutse a wayoyi kusan 1,400 ta hanyar kiran WhatsApp. Zaurance ma ba sai ya fito a jimlar ba.