Wane suna za mu ba asbesto da Hausa?

1/ Jama'a, ina neman kalma. Abin nan da ake kira asbesto, wanda aka daɗe ana gauraya shi da siminti ana yin kwanon rufi da silin da bututu, ya kamata a ce yana da sunan da Bahaushe zai ji ya gane inda haɗarinsa yake.

2/ Wata uwa ce ta rubuto mini hankali a tashe. Ana gyara a gidansu, mai aiki ya fasa tsohon silin, ƙura ta turnuƙe ɗakin, ɗanta ƙarami ya shiga ya ɗan jima kafin a ankara a fito da shi. Sai wani ya ce mata ai "gubar silin" ya shaƙa. Tun ranar barci ya ƙaurace mata, da yaron ya yi tari sai gabanta ya faɗi.

3/ Wannan suna ban yarda da shi ba. Guba a kunnenmu abu ne da ake ci ko a sha, ya kama mutum nan take. Asbesto ma'adini ne da ake haƙowa, Rasha da Kazakistan suna cikin manyan masu haƙar sa. In aka fasa dutsen sai ya warware sili-sili, wuta ba ta cin sa, ba ya ruɓewa. Abin da ya sa magina suka so shi ke nan, kuma shi ya sa in ƙananan zarurrukansa suka shige huhu suke daɗewa a can.

4/ An ba ni "ƙurar siminti", amma siminti daban yake. An ba ni "audugar dutse", tana da daɗin faɗa, sai dai akwai wani abin tare zafi da ake yi da narkakken dutse, shi ya fi cancantar sunan.

5/ Ni na tsaya a kan "zaren dutse". In yana kwance a ɗaure cikin siminti, zaren dutse ne. In aka fasa shi, aka huda ko aka goge shi ya tashi a iska, sai mu ce "ƙurar zaren dutse". Bambancin nan shi ne abin da uwar take bukata ta ji: kallon sa ko zama a ƙarƙashin lafiyayyen rufi ba shi ne matsalar ba, shaƙar ƙurar ce.

6/ Ba zan rage wa abin girma ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa duk ire-irensa suna jawo ciwon daji: na huhu, da na tantanin da ya lulluɓe huhu, ga kuma ciwon da ke sa huhu ya yi tabo ya taurare. Birtaniya ta hana shi baki ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Amurka ta fitar da dokar hana farin nau'insa a 2024. Ba a kuma san wani adadi da za a ce babu haɗari ko kaɗan ba.

7/ Amma mafi yawan waɗanda ya kwantar mutane ne da suka yi shekaru suna shaƙa: masu haƙa, masu ƙera jiragen ruwa, magina, da matan da ke wanke musu tufafin aiki. Shiga ɗaki sau ɗaya na ɗan lokaci haɗarinsa ƙanƙani ne ƙwarai. A kwanon siminti ma zaren kusan kashi 10 zuwa 15 ne cikin 100, kuma a ɗaure yake. Cutar kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana, don haka tarin wannan makon ba ita ba ce, hoton ƙirji ma ba abin da zai nuna yanzu. In tarin ya ƙi tafiya, a kai shi asibiti kamar kowane tari.

8/ Abin yi: a tsayar da aikin, a rufe ɗakin, kada a share a bushe. A yayyafa ruwa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle tarkacen da tsumman a leda biyu. A yi wa yaron wanka. In ya girma a hana shi taba, domin ita ke ninka haɗarin ciwon dajin huhu ga wanda ya shaƙi zaren.

9/ Wani abu kuma, ba kowane silin da ake kira asbesto ne ke da zaren ba, ido ba ya bambancewa sai an kai ɗan gutsurensa ɗakin gwaji. Magina da kafintoci da ke nan, me kuke kiran sa a bakin aiki?