Waken Maraɗi da buhun Kano: wa ke bin wani bashi?

Dillali, Dawanau: Ni dai maganata ɗaya ce. Tsakaninmu da Nijar ciniki ne kawai. Su kawo wake da dabbobi, mu ba su masara da wutar lantarki. Batun bincike kuwa, ban ga abin da muka ƙaru da shi daga can ba.

Malamin gona, Maraɗi: Haba Alhaji! Buhun PICS ɗin nan mai leda biyu a ciki da kake ɗura wake fa? Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta faro shi da masana a arewacin Kamaru, amma da aka tashi yaɗa shi daga 2007, masu binciken INRAN, wato cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maraɗi sun sha aikin gwaji a kansa. A ɗaure baki tamau, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, ba ko ɗigon magani.

Hajiya mai ƙosai, Katsina: Wannan gaskiya ne, Malam. Da can in na jiƙa wake, warin fiya-fiya ke fara yi mini sallama. Yanzu sai na ga an kwance leda a gabana nake biya.

Malamin gona: To Hajiya, irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ka ga bincike ya shigo cikin ciniki kenan, Alhaji.

Dillali: Na ji. Amma a Kano ake ƙera buhun. Kuma waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ce ta fitar da shi a 2019, ba ku ba.

Ɗalibi, Samaru: Baba, a yi haƙuri in sa baki. ICRISAT, hukumar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, tana da cibiya a Sadore kusa da Yamai, tana da ofis a Kano, duk a kan gero da dawa da gyaɗa suke aiki. Iri kuwa ba ya jiran takarda. Manomi ya ƙulle shi a bakin zani ko aljihu, ya bi ta Jibiya ya wuce.

Direban tirela, Illela: Ku yi ta musu. Da aka rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, albasa ruɓewa ta yi a mota muna kallo. Wane masani ne ya zo ya sauke mana?

Dillali: Wannan kuma siyasa ce, kada ka karkatar da mu. Malam, nawa ake sai da buhun a wajenku, da sefa?