Alewar gyaɗa mai burbon: yaushe ake zuba shi, kuma me ke sa ta danƙo?

Mai_Tambaya

Barkanku da warhaka, 'yan'uwa. Ina so in yi alewar gyaɗa irin ta Amurkawa, wadda ake shimfiɗawa a faranti ta sandare a kakkarya, mai ɗan burbon (wata irin giyar wuski ce ta Amurka) a ciki, don rabon Kirsimeti. Bayanan da ake yi sun saɓa wa juna: wasu tun farko suke zuba burbon tare da ruwa, wasu sai sun sauke tukunya. Wanne ne daidai? Me ke sa wata ta fito garas-garas, wata kuma ta dinga maƙalewa a haƙori? Sannan cikin waɗanda za a ba akwai yara da waɗanda ba sa taɓa giya, shin da gaske ne zafi yana korar ta duka? Don Allah a ba ni awo sosai, ba "ɗan kaɗan" ba.

Malam_Mai_Alewa

'Yar'uwa, tambayarki ta farko da ta biyu duk a kan ruwa suka tsaya. Wannan alewa sukari ce da aka dafa har ruwanta ya kusa ƙarewa ƙaf. Idan zafin ya kai digiri 149 zuwa 154 a ma'aunin Selshiyas, wato 300 zuwa 310 a ma'aunin Farenhait da Amurkawa ke rubutawa, ruwan da ya saura a ciki bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa take karyewa idan ta huce. Kika sauke a 140, ruwa ya saura, danƙo za ki samu. Shi kuma burbon na yau da kullum kashi 40 ne giya, sauran 60 ɗin ruwa ne. Babban cokali 3, mililita 45 ke nan, yana ɗauke da ruwa kimanin mililita 27. Ki zuba wannan a ƙarshe ki juye nan take, kin mayar da hannun agogo baya.

Ga awon da zai ba ki kusan kilo 1: farin sukari giram 400, sirof ɗin masara (ruwan zaƙi mai kauri da ake yi daga masara) mara launi mililita 240, ruwa mililita 120, ɗanyar gyaɗa giram 350, bota giram 30, gishiri rabin ƙaramin cokali, bekin soda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, burbon babban cokali 3. Tukunya ta zama mai kaurin gindi, mai cin lita 3 zuwa 4 aƙalla, domin haɗin yana kumbura sosai idan soda ta shiga.

Kafin ki kunna wuta ki auna komai ki jera kusa da hannu. Ki shafa wa babban farantin gashi bota ko ki shimfiɗa takardar gashi, ki ajiye shi cikin oben mai ɗumin digiri 90 zuwa 100. Faranti mai sanyi yana sandarar da alewa kafin ta bazu, sai ta fito da kauri.

Ki haɗa sukari da sirof da ruwa a matsakaiciyar wuta, kina juyawa har sukarin ya narke tas. Da ya fara tafasa, ki rufe tukunyar minti 2, tururi zai wanke ƙwayoyin sukarin da suka maƙale a gefe. Ki buɗe, ki sa ma'aunin zafi ba tare da bakinsa ya taɓa gindin tukunya ba, ki daina juyawa. A digiri 120 ki zuba gyaɗa da gishiri. Zafin zai faɗi, haɗin zai yi kauri, kar ki damu. Daga nan kuma juyawa ba tsayawa, da cokalin katako, don gyaɗar da ta kwanta a ƙasa ita ce ke fara ƙauri. Cikin sukarin za ta soyu, za ki ji ƙamshinta, launin ya koma ruwan zuma.

Daga 140 zuwa sama ma'aunin gudu yake yi, ido ba ya barin sa. A 150 ki ɗauke tukunyar daga kan wuta gaba ɗaya, ki sa bota ki juya, sannan ki tsiyaya burbon a hankali daga kofi, fuskarki a nesa. Zai yi cuuu, ya tofar da tururi. Idan ya lafa ki duba ma'auni, za ki ga ya sauko. Ki mayar kan wuta kina juyawa har ya sake taɓa 150, abin da yawanci ba ya wuce minti 1 zuwa 2. Wannan komawar ita ce mutane ke tsallakewa. Sai ki sauke, ki barbaɗa soda, ki juya da sauri daƙiƙa 10 zuwa 15 har kumfa ta game ko'ina, ki juye a faranti. Ki karkata farantin ta bazu da kanta. Dannawa da cokali yana fasa kumfar, ita kuwa kumfar nan ita ce ke sa alewar ta taunu da sauƙi. Bayan minti 30 zuwa 45 ta huce, ki kakkarya.

Anti_Mai_Gashi

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ban gamsu da cokali 3 kai tsaye daga kwalba ba. Gyaɗa soyayya da sukari mai ruwan zuma suna da ƙarfin ƙamshi, suna danne burbon, musamman bayan an mayar da tukunya wuta. Mai ci sai an gaya masa zai san akwai.

A tuna daga ina ɗanɗanon nasa yake zuwa. A dokar Amurka, wuski ba ya zama burbon sai an yi shi a ƙasar, masara ta kai kashi 51 cikin 100 na hatsin, kuma ya kwanta cikin sabuwar gangar wani itace da ake kira ok da aka babbake cikinta. Daga wannan babbakakken itace yake samun launinsa da ƙamshin banila da na ƙonannen sukari. Waɗannan ba sa saurin tashi da zafi kamar giyar kanta, wadda ke tafasa tun a digiri 78. Saboda haka ana iya tattara su. Ki zuba mililita 90 a ƙaramar tukunya, wuta ƙasa-ƙasa, ya ƙone ya dawo mililita 30. Ruwan da za ki shigar cikin alewa kusan daidai yake da na awon Malam, amma ƙamshin ya ninka. Ki yi amfani da shi a daidai gurbin da ya faɗa, kuma komawa 150 tana nan, ba ta faɗi ba.

Hattara dai idan murhun gas ne: tururin giya yana kama wuta. Tukunya mai zurfi, murfi a kusa, in ya kama ki rufe ki kashe gas. Ba a tsiyayawa daga kwalba a saman wuta ko da wasa.

Zuba shi tun farko tare da ruwa kuwa ba ya ɓata alewa, asarar burbon ce kawai, don zai shafe minti 20 ko fiye yana tafasa. Kuma kar ki sayi mai tsada. Na talakawa daga jihar Kentaki ta Amurka ya wadatar. Irin waɗanda ake sa wa alkama, kamar Maker's Mark, sun fi laushin ɗanɗano, suna tafiya da bota sosai.

Abu ɗaya da zan ƙara a kan soda: bekin fauda ba ta maye gurbinta. Kuma in sodar ta dunƙule, ki tankaɗe ta tukuna. Dunƙulen da bai narke ba yana barin tabo mai ɗanɗanon sabulu.

Kuku_Babba

Tambayarki ta uku ba a taɓa ta ba, kuma ita ce mai nauyi. A'a, ranki ya daɗe, zafi ba ya ba da tabbacin giya ta fita duka. Alƙaluman Ma'aikatar Noma ta Amurka sun nuna cewa giyar da aka zuba cikin abu mai tafasa aka sauke nan take, kashi 85 cikin 100 tana nan. Wadda aka cinna wa wuta, kashi 75. Bayan minti 15 ana dahuwa kashi 40 ya saura, kuma sai an yi awa 2 da rabi kafin ta sauko kashi 5. Sukari mai zafin 150 ya fi waɗancan girke-girken korar ta, don haka abin da zai rage a gutsure ɗaya ƙanƙani ne ƙwarai. Amma ƙanƙani daban, babu daban. Ki yi tukunya biyu, ki rubuta a jikin kowane ƙunshi wacce ce.

Tukunyar da babu giya ba sai ta zama lami ba. Ki ƙara botar ta kai giram 45, ki soya ta daban a ƙaramar wuta har ɗigo-ɗigon ƙasanta su yi ja ta fara ƙamshi, ki ajiye. Ki cire giram 80 daga farin sukari ki maye da sukari mai ruwan ƙasa, mai duhun. Shi yana saurin sa launi, don haka ki bi ma'auni, kar ki bi ido. A ƙarshe ki kankare cikin sandar banila ɗaya ki zuba tare da bota. Sandar na ce, ko garinta, don ruwan banila na kwalba a ƙa'idar Amurka dole ya ƙunshi giya kashi 35 aƙalla. Mutane da yawa ba su san wannan ba.

Mai_Tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Sauran abu uku: in soyayyar gyaɗa ce a hannu fa? In babu sirof ɗin masara? Kuma kwana nawa kafin biki ya kamata a yi ta?

Malam_Mai_Alewa

Soyayyar gyaɗa ba ta shiga a 120, za ta soyu sau biyu ta yi ɗaci. Ki ɗumama ta a oben, ki zuba a 140 zuwa 145. Ɗumamawar don kada ta kayar da zafin sukari ne. In mai gishiri ce, ki bar gishirin awon. Ɗanyar ta fi dai, musamman ƙananan nan masu jar fata da ake kira Sifanish, don man gyaɗar yana shiga cikin sukarin tun yana dahuwa.

Aikin sirof shi ne hana ƙwayoyin sukari sake haɗuwa. Idan suka haɗu, alewa ta fito fari-fari tana rugurgujewa kamar yashi, kuma ƙwaya ɗaya da ta faɗo daga gefen tukunya ta isa ta ja sauran. Sirof ɗin gulukos na masu kek yana yin aikin daidai wa daida. In shi ma babu, ki kai sukari giram 600, ruwa mililita 180, ki sa ruwan lemun tsami ƙaramin cokali 1 tun farko. Tsamin yana raba wani ɓangare na sukarin zuwa gulukos da furuktos, wasu nau'o'in sukari biyu. Alewar tana yiwuwa a haka, sai dai furuktos mai jan laima ne, wannan alewar ta fi saurin yin danƙo a ajiye. Zuma ma haka take, ga ta da saurin ƙonewa.

Ki gwada ma'auninki cikin tafasasshen ruwa kafin ki fara. A gaɓar teku 100 zai nuna. Duk hawan mita 300 yana rage kusan digiri 1, shi ya sa a birnin Denba na Amurka, mai tsayin kusan mita 1,600, ruwa ke tafasa a wajen 95. Duk abin da naki ya gaza 100 da shi, ki cire shi daga 150. Ki kuma ajiye kofin ruwan sanyi: ki ɗiga sukarin a ciki, in ya zama zare mai karyewa ƙas, ya yi. In yana lanƙwasa, da saura.

Wani ruwan sanyin kuma don hannu ne. Sukari mai wannan zafi yana manne wa fata. In ya taɓa ki, ruwan famfo mai sanyi minti 20, kuma yara su bar wurin tun kafin a ɗora tukunya.

Anti_Mai_Gashi

Batun ajiya: mako 1 zuwa 2 kafin biki ya yi daidai. A mazubi mai rufuwa ruf, da takardar gashi tsakanin kowane layi, tana kai mako 3 lafiya. Ban da firji, don da an fito da ita raɓa za ta kwanta mata ta fara narkewa. Kar ki ƙunshe ta sai ta huce sarai, kuma kar ki haɗa ta gwangwani ɗaya da kek ko biskit mai laushi, za ta zuƙe laimarsu cikin kwana ɗaya. Ranar da ake ruwa ko iska ta yi nauyi, ki kai sukarin 153 ko 154, ki rufe ta da zarar ta huce.

Wadda ta riga ta fito da danƙo, mayar da ita wuta ba ya cika kyau, gyaɗar ce za ta ƙone kafin sukarin ya kai. Gara a daddatsa ta ƙanana a barbaɗa kan ayis kirim. Tukunya kuma kar ki kankare: ki cika ta da ruwa, ki jefa cokali da bakin ma'aunin ciki, ki tafasa minti 5, sukarin zai narke ya fita.