Kunun gyaɗa ya kai min yaro asibiti, wai raki ne

Maman Biyu: Jama'a ku taya ni ji. Yarona in ya ci gyaɗa leɓensa kumbura yake, jiki ya yi ruɗu-ruɗu. Likita ya ce garkuwar jikinsa ce ke ƙera wani sinadari, IgE, mai ɗaukar gyaɗa abokiyar gaba. Babu wanda ban gaya wa ba. Jiya mun je Gangare gaisuwa, kakarsa ta ɗura masa kunun gyaɗa, wai raki ne, sai ya saba. A asibiti muka kwana. Wannan jahilci har ina?

Kawu: Subhanallah. Uwar mijinki kike kira jahila a bainar jama'a?

Maman Biyu: Kawu, aikin na kira jahilci, ban ambaci mutum ba.

Kawu: Ai aiki ba ya yin kansa, 'yata.

Anti Nas: Ku dubi yaron mana. Ba a sabawa da wannan a gida. Cin farko jiki ke ƙera IgE, ya je ya manne a jikin wasu ƙwayoyin fata da hanyar numfashi. Ranar da gyaɗa ta sake shiga, sai su fesar da wani sinadari mai suna histamin cikin mintuna: ƙaiƙayi, kumburi, shaƙewa. In maƙogwaro ya fara rufewa, Piriton ba zai tsayar ba, sai allurar adrenalin a cinya, a ruga asibiti.

Ɗan Bukuru: Mu da ƙuli-ƙuli muka girma, ba wanda ya mutu. Borin jini ne, a shafa man ja.

Mai Kemis: Tun 1966 masana suka gano IgE, kai kana nan kana man ja.

Ɗan Bukuru: Kai dai ka samu kasuwa. Ba kai ka sayar wa ƙanina maganin tari mai tsada ba?

Mai Kemis: Ka fara biyan bashin da ke kanka tukuna.

Hajiya Rikkos: Matan yanzu ba kunya. Tsohuwar nan ita ta raini uban yaron, yau ta zama jahila don ba ta san turancin asibiti ba?

Maman Biyu: Hajiya, ba turanci na ce ta sani ba. Cewa na yi kar a ba shi. Ina riƙe da shi a Keke yana jan numfashi kamar ana shaƙe shi.

Admin: To, na rufe. Abin da aka cimma: Maman Biyu ta yi kuskuren lafazi, ta je ta ba surukarta haƙuri. Kawu da Hajiya sun yi gaskiya. Maganar ciwo kuma a bar wa likitoci.

Anti Nas: Admin, wa ya cimma? Maman Biyu, ki sanar da malaman makarantarsa, ki riƙa tambaya kafin ya ci suya ko kilishi, akwai ƙuli a yajinsu.