Musayar Waƙa a Kan Buffon, Golan Parma da Juventus

Malam Mai Alli:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau na buɗe fage a kan Gianluigi Buffon, tsohon golan Italiya. Ƙwar huɗu ce, amsa-amon waje "wa". Mai yabo ya zo, mai suka ma ya zo.

Da sunan Allah zan fara,
Waƙar gola ɗan Karrara,
Garin dutsen da ake sara,
Farin marmara na sassaƙawa.

A 1978 aka haife shi,
Parma ce ta yi rainon shi,
Yana sha uku ta ɗauke shi,
Da fari a tsakiya yake bugawa.

Nuwamban 1995 ya tsaya a raga,
Yaro ɗan sha bakwai ya ja daga,
Weah da Baggio na Milan kowa ya buga,
Aka tashi canjaras, ba mai zurawa.

Ɗan Garwa:
Malam, ka bar wani abu a baya,
Mu a Kamaru yana nan a zuciya,
Thomas N'Kono, golanmu, ya nuna masa hanya,
Gwanin tsalle, gwanin cafewa.

Gasar duniya ta 1990, ranar buɗe fage,
Kamaru ta ka da Ajantina, N'Kono ya dage,
Son raga a zuciyar yaro ya shige,
Har ɗansa ya raɗa wa Thomas don tunawa.

Malam Mai Alli:
Madalla ɗan'uwa, ka cike min giɓi.

Kofin UEFA a Mosko suka ɗauka,
Uku da nema Marseille suka doka,
Thuram da Cannavaro sun toshe kafa duka,
A 1999 ke nan, shekarar girbewa.

2001 Juventus ta miƙo hannu,
Yuro miliyan 52, ba ciniki a sannu,
Kuɗin da ya fi garken dubban shanu,
Kafin nan ba a taɓa sayen gola haka ba, ba musawa.

Ɗan Madrid:
Baba Malam, a gafarce ni in tanka,
Na yarda gwani ne, ban ƙi zancenka,
Amma ina Kofin Zakarun Turai a lissafinka?
Sau uku ya je wasan ƙarshe yana dawowa.

2003 a Manchester Milan ta hana shi,
2015 a Berlin Barcelona ta doke shi,
2017 a Cardiff mu muka tare shi,
Huɗu da ɗaya, ina gidan kallo ina tafawa.

Sai daren Madrid da ya sha jan kati,
A 2018, kan hukuncin fenareti,
Ya tasa alƙali da faɗa a ƙarshen minti,
Kaftin bai dace da haka ba, ina gaya wa kowa.

Tsohon Gola:
Ƙanena, ni ma na tsare raga a unguwa,
Filin makaranta mai burji da tsakuwa,
Gwiwata har yau da tabon faɗuwa,
Na san abin da gola yake haɗiyewa.

In ka tare goma, ba mai tuna maka,
Ɗaya ta shige, sai a hau zaginka,
Laifin 'yan baya duk a ɗora a kanka,
Kai kaɗai za ka shiga raga ɗaukowa.

Daren 2003 ba ka faɗe shi duka ba,
Fenaretin Seedorf bai wuce hannunsa ba,
Na Kaladze ma bai taɓa raga ba,
Abokansa uku ne suka yi ɓararwa.

Jan kati kuwa, ban ce ya kyauta ba,
Amma sun rama ukun da kuka ci su a gida Turin, ba ka faɗa ba,
Ya ga kamar damar ba za ta dawo ba,
Ɗan shekara 40 ne, zuciya na tafasowa.

Hajiya 'Yar Juve:
'Yan'uwa, ku bar ƙirgen kofi tukuna,
Ku zo 2006, nan hujjata ta zauna,
Badaƙalar alƙalan wasa ta ɓata suna,
Juve ta rasa kofi biyu, Serie B ta yi gangarawa.

A watan Yulin nan ya ɗaga Kofin Duniya,
A Berlin, gola yana kan ganiya,
Da ya so tafiya, a buɗe take hanya,
Ya zaɓi zama a gidan da ke rushewa.

Vieira ya nufi Inter, Ibrahimovic ya bi,
Cannavaro ya tafi Madrid ya bar gurbi,
Barcelona ta kwashi Thuram da Zambrotta kamar girbi,
Shi da Del Piero da Nedved suka ƙi gusawa.

Zakaran duniya a ɗan filin Rimini,
Kunnen doki, ɗaya da ɗaya, abin ya dame ni,
Wata biyu bayan Berlin, ka ji sauyin zamani,
2007 suka dawo sama, shi ke tsarewa.

Wallahi wannan shekarar ce ta sa nake ƙaunarsa har gobe.

Ɗan Madrid:
Hajiya, kan Rimini na cire hula,
Sai dai da ya koma PSG ta Paris ma ya sha wahala,
Bugun Rashford ya kuɓuce wa gola,
Lukaku ya ƙarasa, United ta yi hayewa.

Malam Mai Alli:
Haka ne ɗana, hannu yakan yi kuskure,
Amma ka tuna 2016, wasanni a jere,
Minti 974 ragarsa na nan a tsare,
Tarihin Rossi na Milan ya yi shafewa.

Kofin Serie A goma ke ba shi shaida,
Wasa 657 ya buga a gasar gida,
Ya zarce 647 na Maldini, kowa ya yarda,
A karawa da Torino ya yi tsallakewa.

Tsohon Gola:
Da ya koma Turin a 2019 bai yi girman kai ba,
Szczesny ya miƙa lamba 1, bai karɓa ba,
Kambun kaftin na Chiellini bai taɓa ba,
Ya sa 77, ya hau benci, ba ya faɗa da kowa.

Mu da muka yi gola mun san nauyin barin lamba 1.

Hajiya 'Yar Juve:
2021 Parma ta sake ganin ɗanta,
Tana Serie B, ya zo ya tsare ragarta,
Shekara biyu yana fama don ya ɗaga ta,
'Yan baya sa'o'in 'ya'yansa yake yi wa tsawa.

Ran 2 ga Agustan 2023 ya tuɓe safa,
Yana ɗan 45, gashi ya soma nuna tsufa,
Na ji labarin ina tsaye a bakin ƙofa,
Ɗana ne ya karanto min, na kasa amsawa.