Kyaututtukan ƙarshen shekara na kulob ɗin masu karnuka: abin da na tsinto

Mun daɗe muna tattauna wannan magana da masu kai karnuka gasar nuni, to ga abin da na riƙe.

Wanda kowa ya fi nanatawa shi ne rubuta sakamako. Duk gasar da karenka ya shiga ka rubuta ranar, sunan alƙali, matsayin da ya zo da yawan karnukan da ya doke, ka ajiye katin sakamakon da aka ba ka, don yawancin kulob ba sa bin ka, kai ne za ka cike fom ɗin neman kyautar ka tura kafin a rufe, in ka makara shi ke nan sai baɗi, wallahi abin da ciwo. Sannan ka tabbata ka biya kuɗin mamba, in kuma ku biyu ne kuka mallaki karen, wasu kulob sai duk kun zama mambobi.

Kar ka haɗa kyautar kulob da muƙamin zakara. A Amurka AKC, babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta ƙasar, na son maki 15 har da manyan nasarori biyu (masu maki uku zuwa biyar kowace) a hannun alƙalai daban, a Ingila kuwa takardar CC (Challenge Certificate, shaidar da alƙali ke ba kare namiji ko mace da ya fi kyau a irinsa) uku daga alƙalai uku. Kulob nasa lissafin daban ne.

Ni dai na fi ganin ƙimar kyautar uba da uwar da 'ya'yansu suka fi cin gasa, nan ake gane mai kiwo na gaske. Wasu sun ce a sa gwajin lafiya cikin sharuɗɗa, ina bayansu.

Kofin karɓa-karɓa kuma a mayar da shi kan lokaci.