Tutar haya: sunan da nake ganin ya dace da tutar jiragen Girkawa

Malamai da 'yan'uwa masu fassarar labarai, ina so mu tsayar da magana ɗaya kan abin da Turawa ke kira flag of convenience. Na ga an rubuta "tutar sauƙi", na ga "tutar bogi", wani babban yayanmu a aikin rediyo kuma ya ce "tutar aro".

Ga abin da ake nufi. Mai jirgin ruwa Bagirke ne, ofishinsa na Piraeus, babbar tashar jiragen ruwan Girka, amma ya yi wa jirgin rajista a Panama ko Laberiya, tutarsu ce a kansa, dokarsu ke hawansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya cinye mafi yawan jiragen Girka, Amurka ta sayar wa Girkawa jiragen dakon kaya 100 samfurin Liberty, kasuwa ta buɗe, manyan masu jiragen ruwa na Girka irin su Onassis da Niarchos suka shiga neman inda haraji bai da nauyi kuma ba a tilasta musu ɗaukar matuƙa 'yan ƙasa. Laberiya ta buɗe rajistarta a 1948, jirgin farko da ya shiga a 1949 shi ne World Peace na Stavros Niarchos. Har yau daga Amurka ake gudanar da wannan rajista.

"Tutar bogi" ba ta shiga ko kusa, domin rajistar halal ce a doka, da takardunta. "Tutar sauƙi" kuwa Bahaushe zai ji ta bai san sauƙin me ba.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce "tutar fakewa", don akwai gaskiya a cikinta. Ƙasar da ta ba da tuta ita ke da alhakin duba lafiyar jirgi da tantance takardun matuƙansa. Ko da kyaftin ya fito daga makarantar tsibirin Hydra na Girka, wadda ke koyar da tuƙin jirgi tun 1749, sai ƙasar tuta ta amince da shaidarsa, bisa yarjejeniyar duniya kan horar da matuƙan jiragen ruwa da ba su shaida, wato STCW ta 1978. In ta yi sake, rayuka ne. A Nuwamban 2002 jirgin dakon mai Prestige ya rabe biyu ya nutse kusa da gaɓar Sifaniya da tan 77,000 na mai: tutar Bahamas, kamfanin da ya mallake shi na da rajista a Laberiya, masu gudanar da shi a Girka. An yi shekaru ana shari'ar wa za a kama. Duk da haka "fakewa" zargi ce, alhali Laberiya da Tsibiran Marshall yau suna cikin tutocin da masu binciken jirage a tashoshin ruwan Turai ke yaba wa. Ɗan jarida bai kamata ya yanke hukunci tun daga suna ba.

Yaya, "aro" ta kusa, sai dai aro kyauta ne, tsakanin waɗanda suka san juna. Nan kuɗi ake biya duk shekara gwargwadon girman jirgi, babu dangin iya babu na baba. Wannan haya ce. Kunnenmu ma ya riga ya saba da "sojan haya", wanda kuɗi ne kaɗai ya haɗa shi da tutar da yake wa aiki.

Sai mu riƙa rubuta: "Jirgin na wani kamfanin Girka ne, yana tafiya da tutar haya ta Panama." A kula kada a gauraya da "jirgin haya", wanda aka yi shatarsa don dakon kaya.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke fassarawa daga Faransanci, ko ta zauna a kunnenku?